Zaman Taru a Rumfar Budu

Duk Kuala Belida babu wanda zai ce maka Jali mai magana ne. Ka kai masa injin jirgi gyara, zai kwance shi ya ɗaura, ya karɓi abin da ka miƙa masa, maganar da za ta fito daga bakinsa ba za ta cika cokali ba. Amma shi ne mutumin da ke sa ƙattin masunta su zauna kowace Juma'a su faɗi abin da ko matansu ba su sani ba. Ni shaida ne, don a rumfata ake zaman, kuma ba aron wuri kawai na bayar ba, ni ma ɗan zaman ne. Na daɗe ina shan maganin tari kamar shayi, wannan kowa ya sani a garin nan.

Sunana Soh, sana'ata budu. Ƙananan kifi nake zubawa a manyan randunan siminti, in danne su da gishiri, in rufe, in bar su watanni har su narke su zama romon da ba ma cin shinkafa sai da shi. A kwano daɗi gare shi. A rumfa kuwa ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta shigo. Ranar da Jali ya zo neman wurin na tambaye shi ko hancinsa ya mutu ne. Ya ce hancinsa lafiya lau, yana neman inda ɗan gulma ba zai iya laɓewa yana saurare ba ne, kuma ya zaga gari bai ga kamar nawa ba. Ban san ko yabo ne ko zagi ba, na dai ba shi mabuɗi.

Ghazali ne sunansa na yanka. Yana ɗan shekara shida teku ta tafi da ubansa, a watannin iska da mai hankali ba ya fita. Uwar ta gama takaba ta sake aure a wani gari mai nisa, yaron ya faɗo hannun wan ubansa, Deraman. Pak Long muke kiran babban wan uba a nan. To shi Deraman da yake jirginsa ne mafi girma a mashigin jiragenmu, kuma rabin mazan garin sun taɓa jan taru a ƙarƙashinsa, sai kowa ya ari sunan daga bakin Jali, har limaminmu Pak Long yake ce masa. Bai bambanta Jali da 'ya'yan cikinsa ba, sai ma in ce ya fifita shi, don nasa duk mata ne. Shi ya koya masa iyo, shi ya koya masa gane hadari tun yana nesa, shi ya riƙe shi ranar kaciya.

Ƙwayar doki 'yar ja ce, ba ta kai ƙwayar wake ba, daga tsallaken iyaka take shigo mana. Masunci ba don nishaɗi yake fara ta ba. So yake ya yi kwanaki a teku yana jan taru bai ji barci ba, bai ji yunwa ba, bai ji bayansa ba. Jali ya fara ta tun gemu bai fito masa ba, ta cinye masa samartaka kaf. Ya sayar da batirin jirgin Pak Long, ya sayar da awarwaron matar Pak Long, sau biyu hukuma tana kai shi gidan gyaran hali. Kowane wata Pak Long sai ya hau bas da shinkafa da soyayyen kifi a kwanuka, ya je ya zauna gabansa har ya cinye, ya kwashe kwanukansa ya dawo. Ba faɗa, ba nasiha. Da ya fito karo na biyu, shi ya saya masa kayan gyaran inji, shi ya taka da ƙafarsa ya nema masa aure a gidan da aka yi ta ce musu sai an yi shawara. In an cire Pak Long, Jali ba shi da kowa a sama da shi.

Bayan ya yi wasu shekaru tsaf, hukumar yaƙi da ƙwaya ta kira irinsa zuwa birnin Kota Bharu, aka koya musu yadda ake jagorantar zaman masu son bari. Ya dawo da takardar shaida da kujerun roba. Yadda aka koya masa, a jera kujeru a yi da'ira, kowa ya dubi idon ɗan'uwansa ya faɗi abin da ke ransa. Wataƙila a birni hakan yana ci. Mu nan namiji ba ya kafa wa namiji ido sai in faɗa yake nema. Muka yi makonni muna zuwa muna kallon yatsun ƙafafunmu. Jali ya ce wa zai fara, kowa ya ce alhamdu lillahi, a sha shayi a watse. Na ba shi shawara ya kai kujerun gidajen biki haya, ko ya rage asara.

Akob ne ya gyara abin ba da niyya ba. Direban motar ƙanƙara ne, bakinsa ba ya hutawa a ko'ina sai a zamanmu. Wata Juma'a ya shigo da tarun surukinsa a kafaɗa, dutse ya yage shi, an ce lallai ya gama ɗinke shi kafin gobe. Ya sauka ƙasa ya baza shi. Hannun masunci ba ya ganin yagaggen taru ya zauna lafiya, kafin ka ce me duk mun sauko, kowa ya kama gefe, kowa idonsa a kan zare. Ana cikin haka sai na ji wani yana cewa, murya ƙasa-ƙasa, shekaranjiya ya tsaya ƙofar mai sayarwa, har ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, bai san abin da ya juyo da shi ba. Wani ya ce shi ma. Juma'ar da ta biyo babu kujera ko ɗaya a rumfar, sai tabarma da wani yagaggen tarun da Jali ya roƙo. Tun daga nan masu jirage ke samun ɗinki kyauta, suna ta sa mana albarka, a zatonsu sadaka muke yi.

Jirage ba sa fita ran Juma'a, shi ya sa muke zama da hantsi mu tashi kafin kiran salla. Dokokin Jali ba su da yawa. Kowa a tabarma, kowa kansa zai faɗa ba ya yi wa wani wa'azi ba, kuma abin da aka faɗa a rumfa ya tsaya a rumfa. Shi aikinsa ya zagaya da tambaya guda, "Makon nan fa?" Ba ya kallon fuska, allurar ɗinki yake kallo. In mutum na magana allurarsa na tafiya, to lafiya. In allura ta tsaya baki na tafiya, sai ka ji ya ce, "Ban yarda ba. Za mu jira." Sai mu jira, kowa na ɗinki, ko tari babu mai yi, har mutumin ya gaji ya faɗi gaskiya. Ni ma an taɓa jira na, kuma wallahi gara a zage ka da wannan shirun.

Ƙananan cikinmu Abang suke ce wa Jali, wato yaya. Ga yadda abin ke tafiya.

"Akob, makon nan fa?"

"Lafiya lau, Abang. Matata ce dai ta ce na yi ƙiba, wai da can na fi kyau."

"Da can ai ido ne da haƙori," in ji Poji, wani mai 'ya'ya uku da ke aiki a jirgin Pak Long. "Busasshen kifi ya fi ka nama."

"Kai rufe mana baki, mai warin ƙarni. Abang, gaskiya ran Talata na bi ta gadar nan da ake sayarwa. Ban tsaya ba. Amma na rage gudu."

"Me ya faru ran Talata kafin ka iso gadar?"

Daga nan ake shiga maganar. Sai ka ji ashe maigidansa ne ya yi masa tsawa gaban yara, ya haɗiye, abin ya tsaya masa a wuya. Shekaru suka tura a haka. Wasu sun miƙe, wasu sun koma ruwa, biyu mun kai su makwanci da hannunmu.

Wata rana 'yan sanda suka tare mashigi jirage na dawowa, suka gwada fitsarin kowa. Cikin waɗanda gwajin ya kama har da Pak Long, mai shekara sittin da 'yan kai, mai sahun gaba a masallaci. Garin ya yi tsit. Saboda shekarunsa ba a kai shi gidan gyaran hali ba, aka ce ya zauna gida ana sa masa ido, da sharaɗin ya riƙa halartar zama kowane mako. Zaman da ya fi kusa kuwa namu ne.

Bayanin da ya yi wa jama'a shi ne wani masuncin tsallake ya ba shi maganin ciwon baya, ya sha bai san mene ne ba. Kowa ya ce Allah sarki, Allah ya saka masa. Har da mu, da muka san ba a shan ƙwayar doki bisa kuskure, sai ka nemi takarda mai ƙyalli ka ɗora ta, ka kunna wuta a ƙasa, ka bi hayaƙin.

Ranar da ya fara zuwa, da farar hularsa ta masallaci, duk muka miƙe. Babu wanda ya ce a miƙe. Ɗaya bayan ɗaya muka sunkuya muka sumbaci hannunsa, Jali ne a gaba. Tsohon ya dubi tabarma ya dafa gwiwa, kafin ya gama dafawa an kawo masa kujerar katako. Shayi ya zo, shi aka fara miƙa wa. Jali ya zagayo da tambayarsa, da ya zo kan Pak Long sai ya sunkuyar da kai ya wuce na gaba. Da za a tashi aka ce ga babba, ya yi mana addu'a.

Kuskurenmu ke nan, kuma duk wanda aka haifa a gaɓar nan shi zai yi. Ba ma wucewa gaban babba a miƙe, ba ma katse shi, ba ma ce masa ba haka ba ne ko da ya ce teku ta ƙafe. Ladabi muka yi masa, babu wanda ya yi da mugunta.

Daga kan kujera yana hango tarun sosai, sai ya fara gyara mana ƙulli. Daga ƙulli aka koma nasiha, nasihar ta cinye zaman ɗungurungum. Ya yi magana kan haƙuri, ya yi kan yaran yanzu, ya yi kan zamanin da ake tuƙi da filafili, ya koma tsadar man jirgi, ko miyau ba ya tsayawa haɗiyewa. Wannan fa mutumin da a da sai ya wuni a teku bai ce komai ba sai "ja" da "saki". Zufa na bin wuyansa, muƙamuƙinsa na taunar abin da babu, ƙunshin shinkafar da matata ke aiko mana yana gabansa bai taɓa ba. Duk wanda ke tabarmar nan ya san ƙwaya ce ke magana, don kowannenmu ya taɓa yin irin wannan surutun. Muna ɗinki muna cewa, "Haka ne, Pak Long. Gaskiya ne, Pak Long."

Namu bakin kuwa ya mutu. Wa zai faɗi cewa ya rage gudu a gada gaban mutumin da ya ɗauki ubansa aiki? Jali ya ce makon nan fa, a ce alhamdu lillahi. Muka koma gidan jiya, sai dai yanzu da taru a hannu.

Wata rana da azahar ina tace budu Poji ya shigo, ya tsuguna gefen randa kamar warin bai dame shi ba.

"Abang Soh, ni na bar zuwa."

"Don me?"

"A ɗakin tuƙi yake sha. Yana rufe ƙofa, amma iska tana kawo min ƙamshin har inda nake jan igiya. Ka san ƙamshin nan. Bakina har cika yake da miyau. In zo ran Juma'a in faɗi wannan a gabansa? 'Ya'yana shinkafar jirginsa suke ci."

"Ka gaya wa Jali?"

"In ce masa me? Ubansa ne fa."

Ni ba ni da haƙurin Poji. Na wanke hannu na nufi shagon Jali, na same shi da kai cikin wani inji.

"Kai ka kafa dokar nan ko ni?" na ce. "Ni ka sa aka jira ni har shayi ya huce, ina zufa kamar ɓarawo a hannun 'yan kasuwa. Yanzu ga mutum yana mana wa'azi da ƙwaya a kansa, ka yi kunnen uwar shegu."

"Na sani, Abang Soh."

"Ka sani, sai aka yi yaya? Poji ya bari. Gobe wani ne."

Ya fito da kansa daga injin, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Mutumin nan a kafaɗa ya ɗauke ni ranar da aka daina neman gawar babana. Kana so in tambaye shi gaban yaran jirginsa yaushe ya sha ta ƙarshe? In na yi, ba ni da uba kuma. Ka san shi."

Na san shi. Na kuma san abin da ƙwayar doki ke yi wa zuciyar tsoho, kuma Jali ya fi ni sani. Raina ya ɓaci, amma tausayinsa ya fi ɓacin ran yawa, na juya na tafi.

Jali ba zama ya yi ba, ya bi duk hanyoyin da muke bi in za a gaya wa babba magana. Da farko ya kawo labari a zaman, wai wani dattijo a wani gari ya faɗa wa ƙwaya yana ɓoyewa. Pak Long ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirye shi, ya yi mana doguwar nasiha a kan dattijon. Jali ya roƙi liman ya je. Liman ya je, ya sha kofi, suka tattauna rufin masallaci, ya dawo ya ce shi dai bai ga komai ba. Daga ƙarshe Jali ya je da kansa, su biyu kawai a baranda. Bai gama buɗe baki ba Pak Long ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo wa yaron nan abinci, ya rame. Ya tambaye shi yara, ya tambaye shi kasuwa, ya rako shi har matakala.

Zaman ya yi ta raguwa har tabarma ɗaya ta ishe mu. Sai wata Juma'a Akob ya zo ido jajur, babu barkwanci ko ɗaya.

"Akob, makon nan fa?"

"Lafiya lau." Allurarsa a tsaye.

"Ban yarda ba."

"To kar ka yarda mana. Bayana ne ke ciwo, Abang. Wani bawan Allah ya ba ni magani, ban san mene ne ba."

Ba da wasa ya faɗa ba. Kowa ya sha jinin jikinsa. Pak Long ya yi gyaran murya daga kan kujera ya ce, "Ai shi ya sa nake gaya muku, yaran yanzu ba su da..."

"Pak Long." Jali ya ajiye allurarsa. "A nan ba a wa'azi."

"Me ka ce?"

"A nan kowa kansa yake faɗa. Tun da ka fara zuwa ban tambaye ka ba. Yau zan tambaya. Makon nan fa?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ban yarda ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Pak Long ya dubi Jali, ya dube mu, ya sake dubansa.

"Ghazali, da wa kake magana?"

"Da kai, Pak Long. Ka sha jiya, in ma ba yau da safe ba. Babu wanda ke zaune a nan da bai gani ba."

"Ni na wanke maka kashi. Ni na ɗauki kwano na bi ka har inda dangi ke kunyar zuwa. Ka sace min, na ce ɓata ya yi. Na taɓa tona ka gaban mutane?"

"Ba ka taɓa ba."

"To?"

"Ni inda aka kai ni bas yana zuwa. In zuciyarka ta tsaya a tsakiyar teku, ta ina zan kawo maka kwano? Na riga na ba ta uba ɗaya." Hawaye na bin fuskarsa, bai share ba, kuma ya ɗago ido ya kafa wa tsohon. "Za mu jira."

Muka jira. Ban taɓa jin ƙarar ƙudajen rumfata kamar ranar ba. Can sai Pak Long ya sauko daga kujera. Na ɗauka zama zai yi a tabarma. Sai ya sunkuya ya kama gefen tarun, ya kwance wani ƙulli da bai yi masa ba, ya sake ƙulla shi, ya yanke zaren da haƙori, ya miƙe.

"Ƙanena ɗa ɗaya ya bari," ya ce. "Na ɗauka na iya raino. Daga yau kar ƙafarka ta sake taka matakalata."

Ya sa takalmansa ya fita ba sallama. Sai Akob ya fashe da kuka kamar yaro, ya ce ran Talata ya tsaya a gada, wannan karon ya tsaya. Jali ya goge fuska da kafaɗar rigarsa, ya ɗauki allura, ya ce, "Me ya faru kafin ka iso gadar?" Aka ci gaba da zaman har aka kira salla.

Pak Long ya nemi a mayar da shi zaman da ake yi a birni, ya gwammace doguwar tafiya a babur da ya sake shiga rumfata. Abin da aka faɗa bai fita daga bakinmu ba, amma gari ya ga an daina gaisawa, kuma gari ya yanke hukuncinsa: Jali butulu ne, marar kunya. Masu jirage da dama suka ɗauke injinansu suka kai wani wuri. Da Sallah Jali ya kwashi matarsa da yara suka je gaisuwa, suka tsaya ƙasan matakala, aka ce musu mai gidan yana barci, alhali ana jin muryarsa a ciki. An karɓi yaran sun hau, su iyayen suka jira a ƙasa.

Poji ya dawo zaman. Shi ya gaya mana Pak Long ya ɗaure jirgi fiye da wata guda, wai inji ne ya lalace, amma babu makanikin da ya ga injin. Yana gida kwance, barci dare da rana, in ya farka ya zazzagi kowa ya koma. Da ya koma teku kuwa, ƙofar ɗakin tuƙi a buɗe take wuni. Abin da yake gaya wa mutane shi ne shi dama bai taɓa zama mashayi ba, kuma zai nuna wa maƙaryaci ƙaryarsa. Ko don Allah ya bari ko don haushi, ni ban sani ba. Jali ya ji labarin yana ɗinki, ya wuce na gaba da tambayarsa.

Bara aka yi bikin autar Pak Long, yarinyar da Jali ya goya. A nan dangi da baki ake gayyatarsu. Mai gida yake takowa har ƙofa ya faɗa, su kuma su tare a gidan tun kafin ranar, a yanka saniya, a yanka albasa, a tsaya kan manyan tukwane a bayan gida. Kati na baƙi ne. Jali ya buɗe shago wata safiya ya tarar an tura masa kati ta ƙarƙashin ƙofa. Ya kawo min na gani, na ce kar ya je. Ya ce in zo da babur ɗina da tsakar rana, zai goge riga.

Muka zauna a rumfar gaba tare da mutanen nesa, 'yan kasuwar kifi da ma'aikatan gwamnati. Mazajen ƙannen Jali, surukan Pak Long, ne ke raba abinci, suka ajiye mana faranti suna kallon wani wuri. Daga inda muke ana hango hayaƙin bayan gida, ana jin dariyar masu girki, Jali ya san muryar kowannensu. Ya ci abincinsa a natse, ya wanke hannu.

Mai gida a bakin rumfa yake tsayawa yana sallamar jama'a. Baƙo yakan naɗe ɗan abin da ya sawwaƙa a tafin hannu, ya bar shi a hannun mai gida wurin musabaha. Ɗan gida ba ya yin haka, in ma ya gwada sai a ture hannunsa a yi masa faɗa, a ce yaushe ya zama baƙo. Na ga Jali yana naɗe nasa tun muna kan layi, na gane abin da yake fata. Aka zo kanmu. Pak Long ya cika, kumatu sun dawo, kayan bikin sun zauna masa. Jali ya miƙa hannu. Tsohon ya riƙe, ya karɓi abin da ke ciki, ya zura a aljihu.

"Mun gode da zuwa," ya ce. "Allah ya kai ku gida lafiya."

Haka ya ce min ni ma, haka ya ce wa mutumin da ke bayanmu.

Mun yi nisa a hanya, cikin gonakin kwakwa, na ji goshin Jali a bayana, na ji rigata tana jiƙewa. Na gangara gefe na kashe babur. Na fara zagin tsohon, da taurin kansa da girman kansa, duk abin da ya zo bakina.

"Bari, Abang Soh."

"In bari? Ya karɓa fa, Jali. Kamar na baƙo."

"Ya karɓa. Amma ka ji hannun? Da ɗumi, da nama. Ko kaɗan ba ya rawa." Ya ja hanci, ya gyara zama. "Da wannan hannun zai ɗauki ɗan amaryar nan. Tayar mu tafi."